Yadda za ka auna ko mai jin Farisanci ya shirya rage ƙiba a zuciyarsa, kafin ka miƙa masa tsarin abinci

Sikeli zai gaya maka kilo nawa mutum yake, tef zai gaya maka faɗin ƙugunsa, amma ba ko ɗaya cikinsu da zai gaya maka ko mutumin nan ya shirya ya canza yadda yake ci da yadda yake motsa jiki, kuma a nan ne fa aikin yake watsewa, a ba mutum takardar tsarin abinci mai kyau ya karɓa da godiya ya tafi, bayan sati uku ba shi ba labarinsa. Wannan bayani na ma'aikatan lafiya ne da ɗalibai masu bincike da duk wanda aiki ya haɗa shi da manya masu magana da Farisanci, ko a Iran ne ko Afganistan ko Tajikistan, ko cikin waɗanda suka zauna a waje irin su Los Angeles da Toronto da Hamburg. Matsalar ba ƙarama ba ce a wurinsu, binciken lafiyar jama'a na ƙasa mai suna STEPS da aka yi a Iran a 2016 ya nuna kusan mutum 6 cikin 10 na manya nauyinsu ya wuce ƙa'ida, kuma ƙiba ta fi yawa a mata.

Abu ɗaya nake so a riƙe tun daga nan: ana auna shiri ne don a san daga ina za a fara da mutum, ba don a tace waɗanda za a taimaka a kori saura ba. Duk wanda ya mayar da maki ƙofa, wai sai ka ci kaza za a duba ka, to ya ɓata kayan aikin.

Fara da sanin wane Farisanci mutum yake ji

Kar ka ɗauka duk ɗaya ne. Akwai na Iran, akwai Dari na Afganistan, akwai Tajiki wanda ma da haruffan Rasha ake rubuta shi, wato mutumin Dushanbe, babban birnin Tajikistan, zai iya jin duk abin da kake faɗa amma ka miƙa masa fom ɗin da aka buga a Tehran ya kasa karanta layi ɗaya. Tsakanin Iran da Afganistan rubutu ɗaya ne amma kalmomin yau da kullum da na asibiti da sunayen watanni suna bambanta, to tambaya irin “a watan da ya wuce” ko wadda ta ambaci wani abinci sai an duba ta. Sannan a Iran ɗin kanta miliyoyi Farisanci ba shi ne harshen gidansu ba, akwai masu Turkancin Azari a Tabriz, akwai Kurdawa, Baluchawa, Larabawan Khuzestan, Gilakawa, sun iya Farisanci na makaranta da kasuwa amma in aka zo maganar damuwa da abin da ke cikin rai wani ya fi sakewa da harshen uwarsa. Ka tambaya kawai, wane harshe ka fi sakewa da shi, kuma za ka cike da kanka ko a karanta maka. Dattawa da mata da yawa daga karkarar Afganistan karanta musu za a yi, kuma ya fi kyau mace ta karanta wa mace.

Me ake aunawa takamaimai

Shirin zuci ba abu guda ba ne, shi ya sa tambayar “ka shirya?” ba ta da amfani, kowa zai ce e. Aƙalla abu uku ne a ciki: matakin da mutum yake a hanyar canji, yadda abin yake da muhimmanci a wurinsa shi kansa ba a wurin likita ko miji ko uwa ba, sai kuma yardarsa da cewa zai iya.

Maganar matakai daga James Prochaska da Carlo DiClemente ta fito, a aikinsu kan masu barin taba a farkon shekarun 1980. Matakai biyar ne aka fi amfani da su. Wanda bai ma da niyyar yin komai nan da wata 6, wanda yake tunani zai fara cikin wata 6, wanda ya ƙudurta zai fara cikin kwana 30 har ya ɗan taɓa wani abu, wanda ya riga ya fara amma bai kai wata 6 ba, sai wanda ya wuce wata 6 yana riƙe da canjin. Akwai fom ɗin da ake kira S-Weight wanda Ana Andrés da abokan aikinta suka tsara a Sifen, jimla biyar ne kacal mutum ya zaɓi wadda ta dace da shi, minti ɗaya an gama. Ɗan'uwansa P-Weight tambaya 34 ne, shi kuma yana duba abin da mutum yake yi a aikace da a tunani don canjin. Akwai kuma URICA na Jami'ar Rhode Island tun 1983, tambaya 32, kowace ana amsa ta daga 1 zuwa 5. URICA na kowace irin matsala ne, jimlolinsa “matsalata” kawai suke cewa, don haka dole ka rubuta a saman takardar cewa nauyin jiki ake nufi, in ba haka ba wani zai amsa maka a kan bashin da ke kansa ko rigimar gidansa kai kuma ka zauna kana lissafi.

Don auna yarda da kai kuwa ni na fi son fom ɗin WEL, na Matthew Clark da abokansa na 1991. Tambaya 20 ne, kowace daga 0 zuwa 9, an raba su gida biyar, tambaya huɗu-huɗu: iya kame kai daga ci lokacin ɓacin rai, lokacin da abinci ke gabanka a wadace, lokacin da mutane suka matsa maka, lokacin da jiki ba daɗi, da lokacin nishaɗi kamar kallon talabijin. Jimillar maki 180 ne amma gaskiya jimillar ba ta cika burge ni ba, gidajen nan biyar su ne dukiyar, domin su za su nuna maka inda mutum yake faɗuwa. Akwai gajeren sa mai tambaya 8 in lokaci ya ƙure.

In kilinik ne mai cunkoso, S-Weight da gajeren WEL da rular 0 zuwa 10 da zan yi bayani a ƙasa sun isa. Kar ka jibga wa mutum fom biyar, daga na uku ya gaji, layi ɗaya zai riƙa bi yana sa alama.

Fassara, in babu ingantacciya a hannu

Da farko ka bincika, masu bincike a jami'o'in kiwon lafiya na Iran sun fassara ma'aunai da yawa sun gwada su, to ka nemi wadda aka riga aka tantance ka nemi izinin masu ita, ka kuma duba a kan su wa aka gwada, domin abin da aka gwada a kan ɗalibai 'yan shekara 20 a Shiraz ba lallai ya zauna daidai a kan matan aure 'yan gudun hijira a Mashhad ba. In babu, to dan Allah kar a ba wani aboki mai jin Turanci ya juya ta a dare ɗaya, kar kuma a watsa ta cikin manhajar fassara a buga.

Hanyar da Beaton da abokansa suka shimfiɗa a 2000 ita aka fi bi. Mutum biyu 'yan asalin harshen su fassara kowa shi kaɗai, ɗaya ya san fannin lafiya ɗaya bai sani ba, wannan na biyun shi ne zai kawo maka maganar mutanen titi. A haɗa fassarar biyu ta zama ɗaya. Sai wasu biyu daban waɗanda ba su taɓa ganin asalin ba su mayar da ita harshen farko, a kwatanta a ga inda ma'ana ta zame. Sai kwamiti ya zauna, likita da masanin abinci da masanin halayyar ɗan Adam da masu fassarar. Daga nan a gwada a kan mutum 30 zuwa 40 irin waɗanda aka yi fom ɗin domin su, kuma wannan matakin shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi alhali shi ne zuciyar aikin. Ba cikewa kawai za su yi ba, za ka zauna da mutum ka ce, wannan tambayar da bakinka me take nufi, da ka zaɓi 7 me ya faɗo maka a rai. A nan za ka gano misali kalmar “rezhim” da kowa ke faɗa a Iran da yawa suna jin ta ne a matsayin horon yunwa na ɗan lokaci kafin biki, ba gyaran ci na dindindin ba, to wanda ya ce bai shirya yin rezhim ba wataƙila a shirye yake tsaf ya rage shinkafar dare.

Ɓangaren lissafi zan taƙaita. Masu bincike a Iran suna yawan amfani da ma'aunin Lawshe na 1975, masana su ce kowace tambaya dole ce ko ba dole ba, in masana 10 ne iyakar ita ce 0.62, wato sai 9 sun yarda, 8 ba su kai ba tunda 0.6 suke bayarwa. Alfa ta Cronbach, wato ma'aunin yadda tambayoyin gida ɗaya suke tafiya tare, a nemi 0.7 zuwa sama a kowane gida na fom ɗin. A sake ba wasu daga cikin mutanen fom ɗin bayan kamar sati 2 a ga ko amsa ta tsaya. Yawan mutane kuma ana ɗaukar 5 zuwa 10 a kan kowace tambaya, fom mai tambaya 34 kenan kana neman 170 zuwa 340. Kuma kar ka ari iyakokin maki na wani wuri, iyakokin URICA da ke yawo yawanci daga masu fama da shaye-shaye a Amurka aka samo su.

Ƙananan abubuwa a kan takarda da ke ɓata sakamako

Farisanci daga dama zuwa hagu ake rubutawa, to in ka zana layi daga 0 zuwa 10 ka yanke shawara ta ina zai fara, ka rubuta kalmomi a kowane ƙarshe, “ko kaɗan” a nan “ƙwarai” a can, kar ka bar lambobi tsirara, kuma duk fom ɗin ya bi hanya ɗaya. Lambobinsu ma a kula, sifili ɗigo ne ƙarami wanda fotokwafi mara kyau zai iya haɗiye shi, biyar kuma zagayayye ne, wanda bai saba ba in yana shigar da bayanai a kwamfuta sai ya ɗauke shi sifili, kuma 4 da 5 da 6 na Farisanci ba daidai suke da na Larabci ba. Wanda zai shigar da amsoshi ya zama ya iya karanta su da kyau.

Ta'arof, wanda shi ne babban abin

In ba ka fahimci ta'arof ba duk makin da ka tara na bogi ne. Ladabi ne mai zurfi a al'adar Iran, kara da girmamawa da ƙin kunyata wanda ke gabanka, a yi maka tayi ka ƙi sau biyu kafin ka karɓa, mai gida ya ƙara maka abinci ko ka ce ka ƙoshi. Ta hanya biyu yake shigowa aikinmu. Na farko a ɗakin likita, mutum yana ganin girman “Aghaye Doktor” ko “Khanom Doktor”, wato malam likita ko malama likita, ba zai so ya ce masa ban shirya ba, sai ya zaɓi amsar da yake ganin za ta faranta maka. Na biyu a kan shimfiɗar abinci, inda ƙin ƙarin shinkafa da tahdig, wato ƙanzon shinkafa, da surukarka ta zuba maka da hannunta ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa gidan matsin mutane a WEL nake cewa a zauna a kansa sosai, in ka ga sauran gidaje 28 da 30 cikin 36 amma wannan 11, ka riga ka san inda za a fara aiki, koyon yadda za a ce a'a cikin ladabi, ba lissafin kalori ba.

Yadda za a rage karar: mutum ya cike shi kaɗai in zai iya, ba a gaban miji ko 'ya ko likitan da zai duba shi ba. Ka faɗa da bakinka kafin ya fara cewa babu amsar da ba daidai ba, kuma ko ya ce bai shirya ba za a ci gaba da kula da shi kamar kowa. Kalmar da su kansu suke faɗa ita ce “bi ta'arof”, wato ba kara, ka yi amfani da ita, sun san nufinta. Sannan ka tambayi aiki ba niyya kaɗai ba, a satin nan da ya wuce kwana nawa ka yi tafiya, shayi kofi nawa kake sha kuma kowane da ƙwayar sukari nawa, domin shan shayi da qand, wato ƙwayar sukarin, a baki abu ne na yini guda a can kuma mutane ba sa lissafa shi cikin abinci.

Rula da hira

Bayan fom, tambaya biyu daga hanyar hirar zaburarwa ta William Miller da Stephen Rollnick. Daga 0 zuwa 10, yaya muhimmancin wannan canji a wurinka yanzu, sannan daga 0 zuwa 10, yaya yardarka cewa za ka iya. Dabarar tana cikin tambayar da ke biye. A ce wata mata ce 'yar shekara 48 mai ciwon suga a wata cibiyar lafiya a Isfahan, ta ce muhimmanci 9, iyawa 4. Kar ka ce mata me ya sa ba 10 ba, nan take za ta fara jero uzuri. Ce mata, Khanom, me ya sa kika ce 4 ba ki ce 1 ba? Sai ka ji ta ce ai na taɓa rage kilo shida kafin auren ɗana, kuma burodi na riga na rage. Ka ga da bakinta ta faɗi ƙarfinta. Sai ka ce, me zai kai ki 6? Wataƙila ta ce da maigida zai daina shigowa da kayan zaƙi kullum da yamma. To wannan matar ba wa'azin illar ƙiba take buƙata ba, ta san shi sarai, abin da take nema ƙaramin mataki da za ta ci nasara a kai da kuma a sa maigidan cikin maganar in ta yarda. Wanda kuma ya ce muhimmanci 3 iyawa 8, shi hirarsa daban, a tambaye shi me ya fi damunsa a rayuwa, gwiwa ce ko hawan jini ko son ya ga jikoki, a bar shi ya haɗa da kansa.

Kuma ka auna kowace ɗabi'a daban. Mutum zai iya kasancewa ya yi wata takwas yana tafiya kowace safiya amma maganar rage burodi irin su sangak da barbari ko tunaninta bai fara ba. Mataki ɗaya ga mutum gaba ɗaya yaudara ce.

Ka kuma bambance rashin shiri da rashin hanya, wannan yana ci mini rai in na ga an haɗa su. Matar da ke Kabul, inda tun Nuwamba 2022 aka hana mata shiga wuraren shaƙatawa da gidajen motsa jiki, in ta ce ba za ta iya fita atisaye ba wannan ba raunin zuciya ba ne. Haka mutumin Ahvaz da zafi ke kaiwa digiri 50 a bazara, ko na Tehran a ranakun hunturu da hayaƙi ke rufe gari har a rufe makarantu, ko magidancin da tsadar nama da 'ya'yan itace ta mayar da shi kan burodi da shinkafa. Ka sa tambaya ɗaya buɗaɗɗiya a ƙarshe, me zai hana ka ko da kana so, ka rubuta amsar kamar yadda ya faɗa.

Abin da dole a tace kafin a ce a fara

Mutum zai iya cin maki mai yawa a shiri alhali bai kamata a sa shi rage ci yanzu ba. A duba ciwon damuwa da fom ɗin PHQ-9, akwai shi da Farisanci, maki 10 zuwa sama a tura shi a duba shi da kyau, tambaya ta 9 kuwa ta tunanin cutar da kai in an amsa ta da wani abu ban da sifili ba a barin ta sai gobe. A duba ci mara birki, wanda mutum ke cin mai yawa cikin ɗan lokaci yana jin ya kasa tsayawa, akwai ma'aunin Gormally na 1982 mai tambaya 16. Budurwar da nauyinta daidai yake amma ta ce muhimmanci 10 iyawa 10 tana son ta zubar da kilo goma, wannan alamar haɗari ce ba shiri ba. Mai ciki, da mai shan insulin ko maganin suga da ke iya sauke shi ƙasa, sai da likitansu. Awon jiki kuma a yi shi tare, a BMI, wato lissafin nauyi a kan tsayi, 25 da 30 su ne iyakokin da aka sani, faɗin ƙugu kuwa kwamitin ƙasa na Iran kan ƙiba ya sa santimita 95 ga maza da mata duka a 2010. Ka tambayi kilo nawa yake fatan ragewa, in ya ce 30 cikin wata uku ku zauna ku gyara, rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ma yana gyara suga da hawan jini, mai kilo 90 kenan kilo 4 da rabi zuwa 9.

Kar a ɗora wa makin abin da ba zai iya ɗauka ba

Ya kamata a san cewa masana sun soki maganar matakan nan, Robert West ya rubuta a mujallar Addiction a 2005 cewa a ajiye ta ma gaba ɗaya, domin iyakokin kwana 30 da wata 6 tsara su aka yi kuma mutane suna tsallake matakai, wani labarin gwajin jini guda zai juya shi a yini ɗaya. Bitar 2014 ta Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, ita ma ta ga hujjar cewa shirye-shiryen da aka gina kan matakai suna rage nauyi mai ɗorewa tana da rauni. Ni abin da na ɗauka a nan shi ne makin ba hasashen gobe ba ne, hoton yau ne da ke buɗe hira, kuma a wannan aikin yana da amfani sosai.

Tunda hoton yau ne, lokacin ɗauka yana da tasiri. Nowruz, bikin sabuwar shekararsu, tana faɗowa 20 ko 21 ga Maris da kwana 13 na ziyara da kayan zaƙi da gyaɗa iri-iri, akwai azumin Ramadan, akwai abincin nazri, wato na sadaka, a Muharram, akwai bikin daren Yalda wajen 21 ga Disamba. Kar ka sa awon farko kafin Nowruz na biyu a tsakiyarta sannan ka ce fom ɗin ne ba ya tsayawa, kuma in wani ya ce zan fara bayan idi ka rubuta shi a matsayin mai niyya da rana, ka sa masa ranar dawowa. A sake rula a kowace ziyara tunda minti biyu ne, cikakken fom kuma bayan wata ɗaya zuwa uku. A ƙauyukan Iran behvarz, wato ma'aikacin gidan lafiya na ƙauye, shi ya fi dacewa da wannan bibiyar tunda ya san gidajen, sai dai saboda sanayyar kara tana ƙaruwa, to fom ɗin farko a bar mutum ya cike a keɓe ya ninke ya miƙa. Kwanan wata kuma ka rubuta shi da kalandar da mutumin ke amfani da ita, ta shamsiyya in a Iran ne, ka ƙara ta miladiyya a gefe saboda wanda zai haɗa bayanan daga baya.